Ba Kowane Tsiro Da Ya Tsumbure Ne Ke Neman Yuriya Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin manoman rani, tun daga Kadawa da Kura da Bunkure har zuwa fadamun Haɗeja. Idan irin tumatir ko na tattasai ya tsiro a bedi, ya yi mako biyu ko uku bai ɗaga ba, sai ka ji an ce: "Yunwa yake ji, a watsa masa yuriya." Dattawa suna faɗin haka, matasan da suka shigo harkar kwanan nan suna maimaitawa, mai shagon taki kuma ba ya musu, tunda ciniki ne ya zo masa har ƙofa.

Wannan magana nake so in yi wa raddi, kuma da ladabi zan yi shi, domin masu faɗinta sun fi ni daɗewa da fartanya a hannu, da guminsu ake cika kwandunan da ke tafiya kasuwannin Legas da Fatakwal. Abin da nake riƙe da shi shi ne: a mafi yawan lokuta, ƙaramin tsiron da ya ƙi girma yana da abinci a gabansa, saiwarsa ce ta kasa ɗauka. Sanyi ko yawan ruwa ko cuta ko cunkoso ne suka ɗaure ta. Wanda ya watsa yuriya a kan irin wannan tsiro, garin neman ƙiba zai samo rama.

Inda maganar ta samo asali

Adalci ne a fara da faɗin gaskiyar da ke cikin zancen, domin ruwa ba ya tsami banza. Ƙasar noma ta Arewa, musamman jigawa, ba ta da wadatar sinadarin naitirojin da fosfaras, kuma ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk wanda ya taɓa noma masara ya ga abin da buhun yuriya yake yi. Gona ce ta yi ruwan ɗorawa, a sa mata taki bayan ruwan sama, cikin mako guda ta koma kore shar. Shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa ga masara a yankin Zariya da makamantansa ita ce kilo 120 na naitirojin a kowace hekta, kuma wanda ya bi ta yakan ga bambanci a rumbunsa.

Hukumomi ma sun yi shekaru suna kiran manoma su ƙara taki, kuma kiran yana kan hanya. A taron ƙolin takin zamani na Afirka da aka yi a Abuja a watan Yunin 2006, an bayyana cewa manomin Afirka kudu da Sahara yana zuba kimanin kilo 8 ne kacal a hekta, aka kuma ɗauki alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015. Shirin Sasakawa, wanda ya shigo Najeriya a 1992, ya nuna wa dubban manoma da idonsu yadda iri mai kyau da taki a kan lokaci suke ninka amfanin gona.

Saboda haka wanda ya ce taki yana sa shuka girma bai yi ƙarya ba. Kuskuren ya shigo ne a lokacin da aka ɗauko darasin masara mai tsawon gwiwa a tsakiyar damina, aka ɗora shi a kan tsiron tumatir ɗan kwana goma a tsakiyar hunturu. Shukar daban, shekarunta daban, lokacin ma daban.

Tun a 1828 wani masanin ƙasa Bajamushe, Carl Sprengel, ya bayyana ƙa'idar da Justus von Liebig ya yaɗa daga baya: girman shuka yana tsayawa ne a kan abin da ya fi yi mata ƙaranci, ko da sauran abubuwan sun yi yawa. Idan ɗumi ne ya yi ƙaranci, ƙarin taki ba zai cike gurbinsa ba. Idan iska ce saiwa ta rasa, buhu goma na yuriya ba zai ba ta numfashi ba. Tambayar da ta kamaci manomi a gaban bedin da ya tsaya ita ce: mene ne ya yi ƙaranci a nan?

Ɗan abin da tsiro yake bukata

Ƙwayar irin tumatir tana zuwa da guzurinta. Da shi take tsirowa, da shi take fitar da ganyayen nan biyu na farko masu santsi, kuma a wannan tsakani ba ta dogara da takin da ke ƙasa ba. Sai ganyen gaskiya mai tsaga-tsaga ya fito sannan tsiron yake fara jan abinci sosai, kuma ko a lokacin abin da yake ja ɗan mitsitsi ne. Gram ɗaya na irin tumatir yana ɗauke da ƙwaya wajen 300. Tsiron da ya fito daga ƙwaya irin wannan, wanda saiwarsa ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, nawa zai ci? Bedin da aka gyara da ruɓaɓɓen takin gida da ɗan kamfa kafin a zuba iri, yawanci yana da abin da zai riƙe tsiron har ranar cirewa, wato mako uku zuwa biyar ga tumatir, mako shida zuwa takwas ga tattasai da attaruhu.

Wannan bambancin kwanaki shi kansa yana rikita mutane. Manomi ya zuba tumatir da attaruhu rana ɗaya, bayan mako uku tumatir ya kai taƙi, attaruhu yana nan da ganye huɗu. Sai a ce attaruhun ya tsumbure, alhali tafiyarsa ke nan tun asali.

Sanyin dare

Babban abin da ke tsayar da tsiro a noman rani shi ne sanyin ƙasa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya samu a Kadawa da kewaye a tsakiyar rani, kuma da yawa daga cikin renon iri, musamman na masu zuwa a makare da masu zubi na biyu, yana faɗawa ne a Disamba da Janairu. A waɗannan watanni sanyin dare a Kano yakan sauka zuwa digiri 12 ko 14 a ma'aunin Selshiyas, wasu darare ma ƙasa da haka, musamman a fadama inda sanyi ke kwanciya.

Tumatir da tattasai kuwa asalinsu daga yankunan nahiyar Amurka masu ɗumi ne. An auna cewa irin tumatir yana tsirowa cikin kwana 6 idan ɗumin ƙasa ya kai digiri 25, amma a digiri 15 sai ya yi mako biyu, a digiri 10 kuwa ya haura kwana 40. Tattasai ya fi shi rashin haƙuri da sanyi: kwana 8 a digiri 25, kwana 25 a digiri 15. Abin da sanyi ke yi wa ƙwaya shi yake yi wa saiwa bayan ta fito. Ba ta miƙewa da sauri, ba ta fitar da ƙananan gashin da take shan ruwa da su, kuma sinadarin da ya fi yi mata wuyar ɗauka a ƙasa mai sanyi shi ne fosfaras.

Alamar a fili take ga mai dubawa. Ka juya ganyen tsiron ka kalli bayansa. Idan ka ga jijiyoyin ganyen da karan sun koma launin shunayya, kamar an shafa musu ruwan zoɓo, ganyen ya yi duhu ya ƙanƙance, to fosfaras ne bai isa jikinsa ba, kuma galibi fosfaras ɗin yana nan a ƙasa, sanyi ne ya hana a ɗauke shi. Yuriya ba ta da fosfaras ko ɗigo. Abin da zai taimaka shi ne a kare bedin daga jaura da zana ko dannin kara ta ɓangaren arewa maso gabas inda iskar ke fitowa, a rufe shi da dare a buɗe da hantsi, a kuma daina ba shi ruwa mai sanyi da magariba, a mayar da ban ruwan zuwa safe bayan rana ta ɗaga.

Na san wani zai ce: "Ai tumatir sanyi yake so, shi ya sa muke noma shi da hunturu." Wannan gaskiya ne ga tumatir da ya girma ya fara fure, domin zafin dare yana zubar da fure, shi ya sa ƙullin 'ya'ya ya fi kyau a lokacin sanyi. Amma abin da babba yake so a lokacin fure daban yake da abin da ɗan tsiro yake so a lokacin kafa saiwa.

Ruwan da ya wuce kima

Abu na biyu shi ne wanda tausayi ke jawowa. Manomi ya ga tsiro ya yi laushi, sai ya ƙara ruwa. Washegari ya ga bai farfaɗo ba, ya sake ƙarawa. Injin ban ruwa ya sauƙaƙa wannan, domin da can mai jigo da guga yana auna ruwansa saboda wahalar ɗebowa, yanzu kuwa a tayar da inji a cika fangali har ya yi ambaliya.

Saiwa tana numfashi. Ƙasa mai kyau kusan rabinta ƙananan ramuka ne, waɗanda ruwa da iska suke raba su a tsakaninsu. Idan ruwa ya cike su duka, iskar oksijin ba ta da hanyar shiga, domin tafiyarta a cikin ruwa ta fi tafiyarta a sarari jinkiri har sau 10,000. Cikin kwana ɗaya ko biyu saiwar takan cinye ɗan abin da ya rage, daga nan ta fara shaƙewa. Saiwar da ta shaƙe ba ta shan ruwa, ba ta ɗaukar taki. Shi ya sa za ka ga tsiro yana tsaye a cikin laka amma ganyensa ya yi yaushi da tsakar rana, ya kuma yi ruwan ɗorawa kamar mai jin yunwa. Wannan kamannin ne yake yaudarar mutane su ɗauko yuriya.

Matsalar ta fi tsanani a gonakin da aka noma shinkafa da damina. Ƙasar shinkafa an kirɓa ta a jiƙe, an tattake ta, ta haɗe ta yi tauri a ƙasa-ƙasa. Idan aka yi bedin reno a kanta ba tare da an farfasa ta sosai an ɗaga ta ba, ruwa zai kwanta, saiwa kuma ta taras da bango. A wasu wuraren ma saman bedin ne ke yin ɓawo mai tauri saboda an zuba ruwa da ƙarfi, tsiro ya yi ta fama kafin ya huda.

Gwajin ba ya bukatar kuɗi. Ka tura yatsa cikin bedin har gaɓa ta biyu, ka ɗebo ƙasa ka dunƙule ta a tafin hannu. Idan ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsunka, ko ta yi santsi tana ƙyalli, kada ka ba da ruwa yau. Idan ta dunƙule amma ta farfashe da ka taɓa ta, daidai take. Bedin da aka ɗaga kamar santimita 15, mai faɗin mita ɗaya, aka gauraya shi da ruɓaɓɓen taki da ɗan yashi, ana ba shi ruwa da garwa mai bakin rariya, ba kasafai yake shiga wannan matsala ba.

Abin da yuriya take yi wa ɗan tsiro

Da a ce yuriya ba ta da amfani kawai a irin wannan hali, da asarar ta tsaya a kan kuɗi. Amma tana yin illa. Yuriya ita ce mafi ƙarfin takin naitirojin da ke kasuwarmu: kashi 46 cikin 100, wato a buhu mai kilo 50 akwai kilo 23 na naitirojin zalla. Da ta taɓa ƙasa mai danshi, cikin 'yan kwanaki takan rikiɗe ta fitar da iskar amoniya, wadda ke ƙone saiwa ɗanya da ƙwayar da ke shirin tsirowa. Wani kaso nata kuma yakan bi iska idan an watsa ta a sama ba a binne ba, wato an biya kuɗi an ciyar da sararin sama.

Sannan kowane takin zamani, idan ya narke da yawa a ɗan ƙaramin wuri, yana jan ruwa zuwa gare shi. Duk macen da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ta ga yadda ruwa ke fitowa daga jikinta cikin 'yan mintuna. Haka taki mai yawa yake yi wa saiwa: maimakon ruwa ya shiga cikinta, sai ya riƙa fita. Bayan kwana biyu ko uku gefen ganye ya bushe kamar an kara masa wuta, tsiro ya kwanta, manomi ya ce cuta ce ta shigo, ya koma shago neman magani. A gonakin da ban ruwa ya daɗe babu magudana mai kyau, inda ake ganin farin gishiri ko kanwa ya fito a saman kunya, ƙarin taki yana ƙara wa wannan matsala nauyi ne.

Takin gida ma yana da nasa haɗarin idan ɗanye ne. Kashin kaji da aka kwaso jiya daga keji yana da zafi, yana fitar da amoniya kamar yuriya. Ɓuntun shinkafa ko garin katako da bai ruɓe ba, idan aka gauraya shi da ƙasa, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sukan kwashe naitirojin ɗin da ke wurin su bar tsiro hannu rabbana na ɗan lokaci. Taki ya ruɓe ne idan ya yi baƙi, ya daina ɗumi, ya daina wari, ba a kuma iya gane abin da aka yi shi da shi.

Abokan gaba da ke ƙarƙashin ƙasa

Hanya mafi gajarta ta sanin gaskiya ita ce a tono tsiro. Ka zaɓi guda biyar daga wurare daban-daban na bedin, ka sa wuƙa ko tsinke ka ɗago su da ƙasarsu, ka wanke saiwar a kwano a hankali. Gani ya kori ji.

Saiwa mai lafiya fara ce sol, mai rassa da yawa da ƙananan gashi, kuma idan ka ja ta ba ta saɓulewa. Idan ka ga ta yi ruwan ƙasa, ta yi laushi, fatarta tana zamewa tsakanin yatsu ta bar zare a ciki, to ruɓewa ce, kuma ruwa ne ya buɗe mata ƙofa. Ka dubi wuyan tsiron, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa. Idan ya tsuke ya yi siriri kamar an ɗaure shi da zare, kuma da safe kana samun tsirrai sun kwanta a wuri guda kamar da'ira, wannan cutar fumfuna ce ta bedin reno. Ƙwayoyin da ke kawo ta, irin su Pythium da Rhizoctonia, a cikin ƙasa suke zaune, kuma abin da suka fi so shi ne danshi da cunkoso da tsiro mai laushin jiki, irin wanda yawan naitirojin ke samarwa.

Idan kuwa ka ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, to tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Tana shiga cikin saiwa ta zauna, mace ɗaya ta saka ɗaruruwan ƙwai, cikin mako uku zuwa huɗu wasu su sake tasowa idan ƙasa na da ɗumi. Ta fi yawa a ƙasa mai yashi da aka daɗe ana maimaita tumatir da kuɓewa da gauta a kanta. Kada a rikita wannan da ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa, waɗanda alheri ne: na wake a gefen saiwa suke manne, kana murzawa suna fita, na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. Tsiron da ya kamu tun a bedi zai kai tsutsar gona, kuma babu takin da zai warkar da shi. Rigakafinta shi ne a sauya wurin reno zuwa inda aka noma hatsi, ko a jiƙa bedin a rufe shi da farar leda mai shara-shara tsawon mako huɗu zuwa shida a tsakiyar zafin bazara, rana ta dafa ƙasar.

A saman ƙasa kuma akwai farin ƙuda, ɗan ƙaramin ƙwaron da ke tashi kamar toka idan ka girgiza ganye. Shi ne ke ɗauke da cutar da ke naɗe ganyen tumatir, gefensa ya yi rawaya ya lanƙwashe sama, shukar ta tsaya cak. Idan ta kama tsiro tun yana ƙarami, ya tsumbure ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Rufe bedi da raga mai ƙananan ido ya fi kowane feshi amfani a wannan mataki. Haka nan wanda ya yi reno a gonar da aka fesa maganin ciyawa na masara irin atirazin da damina, ya sani cewa sauransa kan iya daɗewa a ƙasa, tumatir kuma ba ya jure shi.

Cunkoso, inuwa da irin kansa

Akwai kuma abin da hannunmu ke jawowa tun ranar zubi. Da yawa daga cikinmu watsa iri muke yi, mu cika bedi har ba a ganin ƙasa, don kada a rasa abin dasawa. Tsirrai su fito kamar gashin kai, kowa yana neman rana, su yi tsawo su yi siriri, karansu ya yi fari, saiwoyinsu su sarƙe. Idan aka ƙara musu yuriya, tsawon ne zai ƙaru, ƙwarin ya ragu. Zubi a layi, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin layuka, zurfin da bai wuce santimita ɗaya ba, sannan a rage tsirrai su sami tazarar yatsu biyu, shi ne ke ba da dashe mai kauri. Irin da aka binne da zurfi yakan ƙarar da guzurinsa kafin ya ga rana, ya fito a gajiye.

Ciyawar da ake rufe bedi da ita bayan zubi tana da amfani, amma ranar da tsiro ya fara hudowa ya kamata a ɗage ta. Rumfar da aka bari da kauri har mako biyu tana hana tsiro hasken da yake haɗa abincinsa da shi.

Shi ma irin a tuhume shi. Wanda ya kwana biyu a shago cikin zafi, ko gwangwanin da aka buɗe bara aka bar shi a sarari, yakan tsiro a rarrabe, kuma tsironsa ba ya da kuzari. Kafin zubi, a ƙirga ƙwaya 20 a naɗe a tsumma mai danshi a ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan kwana goma a duba. Idan ƙasa da 15 ne suka tsiro, an san da wa ake tafiya.

"Amma mun sa, kuma ya yi kore"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu wancan ra'ayi, kuma ba zan raina ta ba, domin abin da ido ya gani ne. Amsata kashi uku ce.

Na farko, wani lokaci tsiron yunwar yake ji da gaske, kuma a nan sun yi daidai. Na biyu, sau da yawa ranar da aka gaji da jira aka sa taki takan zo daidai da lokacin da tsiron zai tashi da kansa: sanyi ya sassauta, ko saiwa ta gama kafuwa, ko dashen da aka yi ya gama jinyar cirewa, wadda kan ɗauki kimanin mako guda ko da an yi komai daidai. Sai a ba taki yabon da ba nasa ba. Na uku, koren ganye ba shi ne lafiyar tsiro ba. Naitirojin yana iya kawo kore da tsawo a sama alhali saiwa tana nan ƙarama. Irin wannan dashe, mai ruwa-ruwa da laushi, shi darɓa da farin ƙuda suka fi so, kuma shi ne ke fara kwanciya idan aka kai shi gona rana ta buge shi.

Wanda yake shakka ya gwada a gonarsa. Ya raba bedi ɗaya gida biyu, ya sa wa rabi yuriya kamar yadda ya saba, ɗaya rabin ya rage masa ruwa, ya rage cunkoso, ya kare shi daga iskar dare. Ranar cirewa ya tono goma daga kowane ɓangare ya jera su a kan buhu, ya kwatanta kaurin kara da yawan saiwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Lokacin da taki ne maganin

Yunwar naitirojin tana da kamanninta. Ganyen ƙasa, wato tsofaffin, su ne ke fara yin fari-fari gaba ɗaya, na sama suna da ɗan kore. Ƙasa ba ta jiƙe sharkaf ba, dare ba ya da tsananin sanyi, kuma da ka tono saiwa za ka same ta fara, doguwa, lafiya lau. Idan waɗannan suka haɗu, kuma tsiro ya fitar da ganyen gaskiya biyu ko fiye, a ba shi abinci, amma da awo: kamfa cikin akwatin ashana ɗaya a narka a ruwa lita 10, a zuba da safe a kan ƙasa mai ɗan danshi, sannan a bi da ruwa zalla a wanke ganyen. A jira mako guda a ga amsa kafin a sake.

Ƙarfin ɗan taki da aka sa a wurinsa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Jamhuriyar Nijar, masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore sun yaɗa dabarar sa gram 6 na kamfa, wato kimanin cikin murfin kwalbar lemo, a kowane ramin gero, kuma manoma sun ga ƙarin amfani da ɗan wannan. Babban rabon yuriya a noman tumatir yana zuwa ne bayan dashe ya kama a gona, mako biyu zuwa uku, a binne ta nesa da gindi da kamar faɗin tafin hannu. A nan kuɗinta ke dawowa.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Ga iyayenmu da 'yan'uwanmu manoma, roƙona ɗaya ne: kafin a kwance bakin buhu, a tono tsiro biyar a wanke saiwarsu, a dunƙula ƙasa a hannu, a juya ganye a dubi bayansa, a tuna yadda daren jiya ya kasance. Aikin minti goma ne, kuma zai iya tsare kuɗin taki a wannan zamani da tsadarsa ta kai inda ta kai, ya kuma tsare irin da aka saya da tsada.

Ga masu shagunan taki da magani, amana ce a hannunku, domin sau da yawa ku ne malaman gonan da manomi ya fi saurin samu. Idan ya zo da kukan iri ya tsaya, ku ce ya kawo tsiron da saiwarsa. Wanda kuka hana shi sayen abin da ba ya bukata yau, shi ne zai dawo muku da maƙwabtansa gobe.

Ga malaman gona na hukumar KNARDA ta Kano da takwarorinsu na sauran jihohi, da masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke da tashar binciken ban ruwa a Kadawa, da na cibiyar NIHORT a Bagauda, muna roƙon a ba reno muhimmancin da ake ba gona. A kafa bedin gwaji a bakin hanya inda kowa zai gani, a yi bayani a rediyo tun watan Satumba kafin a fara zubi, a nuna wa matasa bambancin farar saiwa da ruɓaɓɓiya da hannu. Manomin da ya iya karanta saiwa zai san ranar da zai sa taki da ranar da zai ajiye shi, kuma wannan ilimin zai bi shi zuwa albasa da kabeji da duk abin da ake renonsa kafin a dasa.

Allah Ya sa albarka a nomanmu, Ya ba mu damina da rani masu amfani, Ya kuma ba mu ikon karɓar gyara daga juna.